Gwiwar Katakon Denô

Ƙanena Aldenor bai taɓa zama a kujera ya jingina bayansa ba. Ko yanzu da ya bar ƙwallo, in ya zo shan kofi a rumfata, a bakin benci yake ɗosanawa, ƙafa ɗaya tana rawa, ido yana kan titi kamar mai jiran mota. Duk garin Madalena Denô suke kiransa, haka ma masu sharhin wasa a rediyo a jihohin da ya zaga. Ni Zuleide da na goya shi a bayana, in raina ya ɓaci Aldenor nake kiransa cikakke, kuma yawanci raina a ɓace yake.

Ɗan baya ne, mai tsaron tsakiya. Dogo ne, ga kai kamar turmi. Bai iya yanka ba, gudunsa ma ba abin a zo a gani ba ne, amma in ƙwallo ta tashi sama, tasa ce. Yakan ce da ni, "Zu, ni ba a ɗaukata don in burge kowa. Ana ɗaukata ne don in ɓata wa ɗan gaban wasu rana." Da wannan sana'ar ta ɓata wa mutane rana ya ci abinci kusan shekara ashirin.

Yana ɗan shekara ashirin, a ƙungiyarsa ta farko ta kuɗi, wata 'yar ƙarama can arewacin jiharmu ta Ceará, wani ɗan gaba ya faɗo masa a kan gwiwar hagu. A bayan a-kori-kura aka kawo mana shi, kwance a kan katifa, ƙafar ta kumbura kamar kabewa. Likita ya ce tafiya zai yi ta, ko da ɗingishi, amma ƙwallo ya manta da ita. Denô ya juya fuska bango, ya daina cin abinci, ya daina yi wa kowa magana.

Mamanmu, Dona Firmina, wanki take yi wa mutane, kuma ba ta san wani babban likita ba sai waliyyi São Francisco na garin Canindé. Ta kunna kyandir a gaban ɗan gunkinsa da ke lungun ɗaki, ta durƙusa, ta yi bakance da ƙarfi yadda har maƙwabta suka ji. In gwiwar nan ta warke, Denô zai tako da ƙafarsa tun daga ƙofar gidanmu har Canindé a lokacin bikin waliyyin, farkon Oktoba, ɗauke da gwiwar katako, ya ajiye ta a ɗakin da waɗanda suka samu lafiya ke ajiye irinta. Ba ta tambaye shi ko ya yarda ba. Wace uwa ce ke tambaya? Washegari ta je wurin Seu Expedito masassaƙi, ya sassaƙo mata gwiwar, har da ɗan tabo a gefe. Ta naɗe ta a tsohon zane, ta ɗora a saman akwatin kaya.

Gwiwa kuwa ta warke. Kafin shekara ta zagayo, Denô yana gudu a cikin yashin busasshen kogi, yara suna binsa. Mama ta fara shirin tafiyarsa, har ta saya masa takalmin roba mai taushi. Ana saura 'yan makonni biki, aka bugo waya shagon magani, don a lokacin mu ba mu da waya. Wata ƙungiya ce a jihar Piauí ke neman ɗan baya.

"Mama, sa mini albarka," ya ce, jakarsa a kafaɗa.

"Allah ya yi maka albarka. Waliyyin fa?"

"Baɗi, Mama. Ai ba gudu zai yi ba, yana nan Canindé."

"Kai dai ka iya bakinka. Shi ba abokin wasanka ba ne."

Ya yi dariya, ya sumbaci hannunta, ya fice.

Masu kallon ƙwallo a talabijin suna zaton duk ɗan wasa a mota mai sanyi yake yawo. Irin su Denô aikinsu kamar na 'yan cirani yake. Gasar jiha takan fara a Janairu, kafin damina ta ƙare an gama. Manyan ƙungiyoyi su ci gaba da wasanninsu, ƙananan kuma su sallami kowa har mai dafa abinci. Sai Denô ya dawo gida, ya yi acaɓa ko leburancin gini, kunnensa na kan waya. Can cikin rani gasar rukuni na biyu ta jihohi ta tashi, wani ya tuna da shi, ya sake ɗaukar jaka. Riga biyu a shekara, wani lokaci uku, kowacce da launinta. Oktoba kuwa kullum a tsakiyar gasa take samunsa.

Ya yi wasa a Piauí da Maranhão da Paraíba, ya yi a Tocantins, ya yi har Rondônia da Amapá, inda ake shiga jirgin ruwa a je wasa. Ƙungiyoyin sun haura ashirin, shi kansa ya daina ƙirgawa. Ya kwana a ɗakunan da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, gado kan gado, fanka ɗaya ga mutum goma. Ya ci shinkafa da wake da garin rogo a garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. A wani wuri ya taimaka aka haura da ƙungiya rukuni na farko, aka ɗauke shi a kafaɗa aka zaga gari, bayan sati biyu aka ce masa an gode, za a nemi mai ƙarancin shekaru. A wani wurin kuma magoya baya suka jefe shi da lemo har bakin mota. In ya ba da labarin nan dariya yake yi, wai lemon ma mai zaƙi ne, ya cafe biyu.

Sau ɗaya muka gan shi a talabijin. Ƙungiyarsa ta lokacin ta faɗa hannun wata babbar ƙungiya daga kudu a gasar kofin ƙasa. Unguwa kaf ta taru a shagon Valdemar mijina, aka fito da talabijin waje. An lallasa su, ba sai na faɗi yawan ƙwallayen ba. Amma akwai wani lokaci da Denô ya tashi sama ya kwashe ƙwallo daga kan wani ɗan gaba da ake ta zuzutawa, aka nuno fuskarsa ta cika allo, gumi yana zuba. Maza suka yi ihu, aka kifar da benci. Mama ba ta yi ihu ba. Ta matsa kusa da allon, ta zuba wa gwiwar ido, ta ce, "Dubi yadda take aiki kamar sabuwa. Wanda ya gyara ta kuma yana can yana jira."

Ya yi aure a tsakanin gasa biyu, da wata yarinyar kirki, Marlene. Ta yi haƙuri iya haƙuri, sannan ta ce ita miji ta aura ba jakar tafiya ba, ta koma gidan iyayenta. Ban ga laifinta ba. Ko yana gida, rabinsa ne yake gida.

Shekaru suka yi ta tafiya, zancen Mama ya tashi daga tuni ya koma tsoro. Kowa ya san wanda ya mutu da bakance a wuyansa ba ya samun kwanciya, yakan dawo yana ƙwanƙwasa ƙofofin 'yan uwa har sai wani ya cika masa. Na Mama kuma ba wanda zai iya cika shi sai Denô, don ƙafarsa ta ambata. Na ce bari ni in je a madadinsa, ta ce waliyyi ba makaho ba ne.

"Ni na yi magana da shi baki da baki," takan ce. "In na mutu ban cika ba, da wane ido zan kalle shi? Kuna so in dawo in dinga firgita jikokina?"

Wannan tsoron na gaske ne, ya hana ta barci, ya rage mata cin abinci. Ni kuma ina gefe ina kallo, zuciyata tana tafasa.

Sai ga wata shekara, Denô ya haura talatin da biyar, rani ya zo ba wanda ya kira shi. Oktoba ta same shi a gida, lafiyarsa ƙalau, ba gasa, ba uzuri. Masu tattaki suka fara wucewa ta bakin kwalta, ƙungiya ƙungiya, suna waƙa. Mama ta sauko da gwiwar katako ta goge mata ƙura. Shi kuwa gogan ya ce ƙila a kira shi cikin satin nan, gara ya zauna kusa da waya. Biki ya zo ya wuce.

Na same shi a bayan gida yana shafa wa takalman ƙwallonsa mai. Na ƙwace ɗaya na yi jifa da shi cikin kaji.

"Aldenor, kai wane irin mutum ne? Tsohuwar nan tana ƙarewa a gabanka. Tafiyar da tsofaffi masu sanda suke yi ita ce ta gagare ka?"

"Zu, rabu da ni."

"Ba zan rabu da kai ba. Ƙiwa ce ko raini?"

Ya daɗe yana murza tsumman a hannunsa. Da ya buɗe baki, ƙasa ƙasa ya yi maganar, yana waigen ƙofa kada Mama ta ji.

"Ke kin taɓa ganin magini ya dawo duba gidan da ya gama aka sallame shi? Likita ya ce gwiwar nan ba za ta sake wasa ba. Ba ƙarya ya yi ba, na ga hoton da aka ɗauka a asibiti da idona, babu komai a ciki. Waliyyi ne yake riƙe da ita. Muddin ban je ba, dole ya riƙe, don yana so in tako in zo masa. Ran da na ajiye katakon nan, mun rabu ke nan, zai sake ni ya koma kan wasu."

Na tsaya baki buɗe. "Wato waliyyin kake yi wa wayo?"

"Ba wayo ba ne. Kaka ɗaya kawai nake so in ƙara."

"Tun yaushe kake ƙara kaka ɗayan nan?"

 Ya tashi ya shiga cikin kaji ya ɗauko takalminsa. Na so in zage shi tas, amma tausayinsa ya kama ni, don na ga tsoro a idonsa irin wanda nake gani a na Mama. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana tsoron waliyyi ɗaya, kuma kwanciyar hankalin ɗaya ita ce tashin hankalin ɗayan.

Ya ƙara kaka uku bayan wannan, kowacce a ƙungiyar da ta fi ta baya ƙanƙanta. A ta ƙarshe, wani yaro da bai fi a ce ɗansa ba ne ya wuce shi a guje, ya waigo ya ce masa, "Sannu, kawu, a huta." Ba a yi masa wasan ban kwana ba, ba wanda ya ce masa ya gama. Waya ce kawai ta daina ƙara. Shi kuwa bai daina gudun asuba ba, bai daina cajin wayoyinsa biyu ba, jakarsa tana nan a ɗaure a bayan ƙofa.

A wannan tsakanin ne kan Mama ya fara juyewa. Ta zuba gishiri a kofi. Ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina yarinya. Ta fita neman wankin mutanen da suka daɗe a kabari. Likitar asibitin unguwa ta ce abin ba ya komawa baya, gaba zai yi ta yi. Komai yana zubewa daga kanta, ban da abu ɗaya. Kullum da safe, kafin ta sha ruwa, sai ta tambaya, "Yaron nan ya tafi Canindé?"

Ƙarshen Satumbar bara, muna cin abincin rana, wayar Denô ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Ya zabura har ya kifar da kwanon wake. Muna jiyo shi daga tsakar gida, muryarsa ta koma ta saurayi.

"E, Seu Nonato, ni ne! Lafiya ƙalau, ina motsa jiki kullum. Ɗan baya? Ai kun zo gida."

Sai ya tsaya yana sauraron mutumin, wani mai ɗaukar wa ƙungiya 'yan wasa. Ashe ba shi ake nema ba.

"Wanne? Dogon nan na Sobral? E, ina da lambarsa. Yaro ne mai kyau, ba zai ba ku kunya ba. Bari in turo maka."

Ya dawo ya zauna, ya tura lambar, ya kifa wayar a kan tebur. Ya tsince waken da ya zube ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin kwano. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zu, ki ɗinka mini rigar."

Masu cika bakance a Canindé doguwar riga ruwan ƙasa suke sawa, da igiya a ƙugu, irin ta limaman cocin waliyyin. Na sayo yadi na zauna a keke ban tashi ba sai da na gama. Da asuba ya sa ta, ya ɗaure igiya, ya ɗauki gwiwar katako a hammata. Ya je gaban ragar lilon da Mama ke kwanciya a ciki ya nemi albarka, amma barci take yi, muka ce kada a tashe ta. Ni na zauna da ita. Valdemar ya bi shi a babur da jarkar ruwa da mazarƙwaila da busasshen nama, kuma daga bakinsa na ji sauran labarin.

Ya ce ranar farko Denô kamar a fili yake, yana wuce mutane, yana yi wa tsofaffi tsiya wai su matsa su ba matasa hanya. Rana ta biyu gwiwar ta kumbura, har da ta daman da ba ta taɓa ciwo ba. Kwalta tana tururi, ba inuwa sai ta busassun itatuwa. Valdemar ya ce masa, "Suruki, hau in rage maka ko zuwa gadar can ne, waliyyi yana can cikin hidimar biki, ba zai lura ba."

"Shekara ashirin ina ja masa rai," Denô ya ce, "yau ma in cuce shi? Ja baburinka."

A wata rumfa da ake raba wa masu tattaki ruwa, wani mai ƙaton tumbi ya ƙura masa ido ya ce, "Kai, ba kai ne Denô ba? Kai ka fasa mini gira a Crateús, ga tabon nan!" Suka rungume juna kamar 'yan uwa. Valdemar ya ce duk tafiyar nan a wurin ne kaɗai ya ga haƙoransa, kuma da ƙyar ya raba su.

Da sanda ya shiga Canindé. A ɗakin ajiyar, ƙafafun katako da hannuwa da kawuna sun taru tsibi guda har sun kusa taɓa rufi. Ya tsaya a gaban tsibin, ya rungume tasa a ƙirji, ya ƙi motsi. Layi ya taru a bayansa. Matar da ke kula da wurin ta ce, "Bawan Allah, ajiye mana, akwai mutane a bayanka." Ya sunkuya ya ajiye a hankali. Da suka fito, ɗingishinsa ya ninka. Ya dafa kafaɗar Valdemar ya ce, "Ka gani ko? Ya sake ni." Bai tsaya kallon biki ba, bai ko cire rigar ba. Ya haye bayan babur ya ce a kai shi wurin Mama yanzun nan.

Da la'asar suka iso. Mama tana kwance a ragarta a baranda, carbi a hannu. Denô ya sauko daga babur da ƙyar, rana ta ƙona shi ya yi baƙi, gemu ya fito fari fari, rigar ta yi butu butu da ƙura. Ya ja ƙafa har gabanta ya durƙusa a kan gwiwar da ta fi sauƙi.

"Mama, sa mini albarka."

Ta ɗago ta dubi rigar, ta dubi igiyar, ta ɗauka limamin coci ne. Sai ta kama kiciniyar tashi zaune, tana gyara ɗankwali.

"Fada, ni ce zan sa maka albarka? Yarinya, kawo wa Fada kujera, kin bar shi a ƙasa."

"Mama, ni ne. Denô ne. Daga Canindé nake, na cika."

Ba ta ji shi ba. Ta kama hannunsa da hannu biyu, hawaye suna bin kuncinta.

"Fada, gara da ka zo. Don Allah ka roƙar mini waliyyi ya ƙara haƙuri. Ɗana ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa, yana can nesa. Ka ce masa kada ya bari in mutu da abin nan a wuyana."

Na ce, "Mama, dubi fuskarsa da kyau mana." Ta daka mini tsawa wai ba a sa baki in manya suna magana. Denô ya waigo ya dube ni. Ban taɓa ganin ƙanena ya rasa abin yi irin na ranar ba. Ya gyara murya, ya ɗora ɗayan hannun a kan nata.

"Dona Firmina, ki kwantar da hankalinki. Ɗanki ya zo Canindé. Da ƙafarsa ya tako tun daga ƙofar nan, bai hau komai ba. Da idona na ga ya ajiye gwiwar. Waliyyi ya karɓa, babu sauran komai a wuyanki."

"Ya zo? Ka gan shi?"

"Na gan shi."

Ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta koma ta kwanta, kafaɗunta suka sauka. Rabon da in ga fuskarta a sake haka, na manta. Ta yi ta godiya, tana sumbatar carbinta. Can ta sake buɗe ido ta dube shi.

"Fada, ya rame?"

"Kaɗan."

"Ba ya cin abinci yadda ya kamata in yana can." Ta kalli titi ta gefen kafaɗarsa. "To, tun da har ya zo Canindé, ga gida kusa, me ya hana shi biyowa ya gaishe ni?"

Denô bai motsa daga inda yake ba. Yana durƙushe a wurin, hannunta a cikin nasa, har barci ya ɗauke ta. Da ya zo tashi gwiwar ta ƙi, sai da ni da Valdemar muka kama shi ta hammata muka ɗaga.